Littafin da ban kai ƙarshensa ba

Ranar Juma'ar da ta wuce na gabatar da shirina na ƙarshe a gidan rediyo, na miƙa makullin durowa, na kwashe littattafaina a kwali 2. Shekara 6 ke nan ina zama gaban makirfo duk mako, ina gaya wa mutane abin da na karanta da abin da na kalla, da yadda ya zauna mini a rai. Waɗanda muka yi aiki tare sun san yadda ake fama, ba sai na tsaya bayani ba. Wasu sun tambaye ni abin da na koya a wannan zama. Abu ɗaya ne babba, kuma a cikin minti 3 na koye shi, da daddare, layin waya a buɗe.

A shekarata ta biyu aka canza mana shugaban sashe. Da zuwansa ya ce sharhi ɗaya a mako ya yi kaɗan, a mai da shi 4: littafi biyu, fim ɗaya, da shiri mai dogon zango ɗaya. Na ce, "Yallaɓai, littafi mai shafi 200 yakan ci mini dare 3 in har zan karanta shi yadda ya kamata." Ya ce ai mai sauraro ba jarrabawa zai yi mini ba. In karanta farko, in leƙa tsakiya, in duba bayan bango, tunda labaran nan duk tafiyarsu ɗaya. Na yi shiru. Wannan shirun nawa ne, ba zan ɗora wa kowa shi ba.

Wata biyu ana haka, sai wata sabuwar marubuciya ta aiko da littafinta na farko. Labarin wata mata ce da mijinta ya yi amarya, ya kore ta da 'ya'yanta. Na karanta har shafi na 70, na naɗe gefen takardar, barci ya kwashe ni. Da safe na ce a raina ai na san inda aka dosa. Na karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, ba sau ɗaya ba: yadda Alhaji Abdu ya kori Rabi saboda Delu, yadda ta riƙe 'ya'yanta da guminta, yadda dukiyarsa ta ƙone, aka dawo ana matsa mata ta karɓe shi. Na sha ganin masu tasowa suna bin wannan sawu. Sai na yanke wa yarinyar nan hukunci da littafin wata.

Da aka kunna jar fitila na buɗe baki na zuba. Na ce alƙalaminta yana da daɗi, amma ta bi tsohuwar hanya, miji ya tsiyace ya dawo yana kuka, mata ta yafe, shi ke nan. Har na ƙara da cewa marubutanmu sun kasa barin mace ta tsaya da ƙafarta. Na faɗe shi da ƙarfin gwiwar wanda ya gani da idonsa. Sannan muka buɗe layi.

Kira na uku, murya ce a natse, ba hayaniya.

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ce na rubuta littafin."

Na amsa, na yi mata barka, na ce muna sauraronta.

"Don Allah Malam, a wane shafi ne mijin ya dawo?"

Littafin yana gabana a kan tebur. Na ɗora hannu a kansa, yatsana ya sauka daidai kan naɗin nan na shafi na 70. Daga nan zuwa ƙarshe takardun a manne suke, ƙyal, ko lanƙwasa babu. Injiniya yana kallona ta gilashi, hannunsa a kan maɓalli.

Ta ce, "Mijin ya rasu a shafi na 96, Malam. Bai dawo ba. Shekara 2 na yi ina rubuta shi. Na gode, Allah ya ƙara basira." Ta kashe wayarta.

Injiniya ya saki talla. Ban san yadda na ƙarasa shirin ba.

Washegari na tarar da takardar tuhuma a kan teburina, wai na zubar da mutuncin tasha. A taron safe, gaban kowa, mutumin da ya ce mini in leƙa tsakiya in duba bayan bango ya tashi ya ce shi bai taɓa ganin sakaci irin wannan ba, kuma bai san inda na koyo shi ba. Akwai mutum 3 a ɗakin da suka ji lokacin da ya ba ni wancan umarni. Kowa ya sunkuyar da kai. Ban riƙe su ba, kowa da bakin da yake ciyarwa. Shi kuwa har yau in na tuna yadda ya gyara zaman hularsa kafin ya yi maganar, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Aka dakatar da ni mako 2. Na roƙi a bar ni in ba ta haƙuri a iska in na dawo, ya ce tasha ba ta ba da haƙuri, a bar maganar ta mutu.

A mako biyun nan na karanta littafin sau 2. Wallahi na yi kuka. Ashe bayan mutuwar mijin ne labarin ya fara. Uwargida da amarya, waɗanda ba sa ga maciji, suka wayi gari ba su da kowa sai juna, ga yara, ga bashi. Akwai wani wuri da amaryar ta zaunar da ƙaramar 'yar kishiyarta tana taje mata kai, uwar tana tsaye bakin ƙofa tana kallo, ta rasa ko ta fizge 'yarta ko ta yi godiya. Marubuciyar ba ta sa kowa ya yi wa'azi ba. Ta bar matar a tsaye a wurin har shafin ya ƙare. Abin da na zarge ta da kasa yi, shi ne ainihin abin da ta yi, kuma ta yi shi fiye da manya da yawa da na sha yabo.

Ranar da na dawo ban nemi izinin kowa ba. Na buɗe shirin da cewa na yi wa wata baiwar Allah ƙarya a bainar jama'a, na yi magana a kan littafin da ban gama karantawa ba, ina neman afuwarta da ta masu sauraro. Na ba littafin nan shirin gaba ɗaya, minti 30. Takardar tuhuma ta biyu ta biyo baya. Ita kam na adana ta, tana cikin kwalin da na fita da shi.

Amma gyara ba ya kamo ɓarna. Har bayan shekara guda ina jin mutane suna maimaita maganata ta farko, wai ai littafin nan kwaikwayo ne, a rediyo ma an faɗa. Waɗanda suka ji ƙaryar sun fi waɗanda suka ji ban-haƙurin yawa. Ta fitar da littafi na biyu, ba ta aiko mini ba. Da kaina na nemo shi.

Daga baya na samu damar kallon Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934, wanda aka gyara hotonsa aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. Ina kallo ina tuna laifina. Wanda ya tsaya a rabi zai ce labarin yaro ne da aka sace, ya faɗa hannun Abdulkarim, aka tsallaka da shi hamada, ya zama malami, ya ji daɗi. Sai ka jure har ka bi uwar, wadda ta bar gida neman ɗanta, ta faɗa bauta, ta sha wuya, ta gan shi a ƙarshe sannan rai ya yi halinsa, kafin ka gane nauyin abin da aka ɗora maka. Tun daga lokacin ba na tashi daga fim sai sunaye sun gama wucewa, ko da kuwa ya gundure ni.

Sauran abubuwan da na koya ƙanana ne. "Ban ji daɗinsa ba" daban, "ba shi da kyau" daban, kuma mai sauraro yana da haƙƙin sanin wanne kake nufi. Shiri mai dogon zango ba a yanke masa hukunci da kashi na farko, ba a kuma ci gaba da yabonsa don sabo bayan ya fara jan ƙafa. Wasan daɓe na daren da ka gani ne kawai, don haka ka faɗi daren. In abu ya sa ka dariya ko hawaye, faɗi, ba ragin ilimi ba ne. Ambulan ɗin furodusa kuwa, ko sau ɗaya ban karɓa ba, masu kawowa sun sani.

Ga ƙanena da zai gaje ni a kujerar: kana da kunne, kana da haƙurin karatu, na gani. In an ce ka yi 4 a mako, ka ce 2 za ka iya, ka tsaya a kai. In an matsa, ka ce, "Ranka ya daɗe, a rubuto mini." Maganar baki ba ta da shaida ranar da abu ya ɓaci, ni na gani a ɗakin taro. Ka riƙa karatu da fensir, ka rubuta lambar shafi kusa da duk abin da za ka faɗa, domin mai littafin yana sauraro, uwarsa ma tana sauraro.

A shirin Juma'ar nan, mai kira na ƙarshe wani dattijo ne da ya daɗe yana bin mu. Ya yi mini addu'a, sannan ya tambaye ni abin da nake karantawa yanzu, da yadda na gan shi. Na gaya masa sunan littafin. Na ce, "Baba, ina shafi na 40 ne tukuna." Ya ce to, Allah ya kai mu. Injiniya ya ɗaga mini hannu, lokaci ya cika, na yi sallama.