Talata: yini guda a kan takardun pytest

Yau dai kusan yinin gaba ɗaya a kan takardun bayanin pytest, manhajar gwada kod ɗin Python, ya ƙare min, ban taɓa injin manhajar ba ko kaɗan, amma wallahi kaina ya ɗau zafi fiye da ranar da nake farautar matsala a cikin kod.

Wani yaro da muke koya wa aiki a ofis ne ya jawo. Da safe ya juyo min da laftof ɗinsa, "Oga don Allah duba min, tun jiya nake fama." Saƙon kuskure na ScopeMismatch ne pytest ke nuna masa. Ya rubuta fixture, ɗan kod da ke tanadar wa gwaji abin da yake buƙata, mai scope="session", wato wanda ake tanada sau ɗaya tak har a gama duk gwaje-gwajen, sai ya nemi tmp_path, fixture mai ba da foldar wucin gadi, a cikinsa, shi kuwa tmp_path kowane gwaji da sabuwar foldarsa. Mai dogon zango ba ya jingina da mai gajeren zango, shi ya sa pytest ya ƙi. Maganinsa shi ne tmp_path_factory, wanda shi mai dogon zango ne, ka kira mktemp ya ƙirƙiro maka folda, shi kenan. Na ce masa ai yana cikin takardun, ya ce "Na karanta fa Oga." Kuma bai yi ƙarya ba, bayanin scope yana wani shafi, na foldar wucin gadi yana wani, kowanne daidai yake a wurinsa, amma wanda bai san suna da alaƙa ba ta ina zai haɗa su?

To sai na ce bari in ɗinke su. Na sauko da ma'ajiyar kod ɗin pytest daga GitHub, takardun suna cikin doc/en, da reStructuredText ake rubuta su, Sphinx ke mayar da su shafukan intanet. Tun 2021 aka raba su gida huɗu bisa tsarin Diátaxis na Daniele Procida: darasin sabon shiga, yadda ake yin abu kaza, kundin dubawa, sai bayanin dalili. Nan na fara tsayawa, sakin layina wane gida zai shiga? Zuciyata na son ɓangaren dalili don in baje ilimi, amma mutumin da jan rubutu ya cika masa allo ƙarfe ɗayan dare ba lacca yake nema ba, so yake a ce masa yi kaza. Na kai shi ɓangaren yadda ake yi.

Rubutun farko ya yi tsawo sosai, har tarihin tmpdir, wanda ya riga tmp_path, na shigo da shi, yadda yake ba da py.path.local shi kuma tmp_path yake ba da pathlib.Path, duk gaskiya ne amma ba wanda ya tambaye ni. Na datse. Abin da ya rage jimla uku ne da misali ɗan ƙarami, kuma da gangan na sa kalmar ScopeMismatch a ciki, domin ita mutum zai kwafa ya liƙa a wurin bincike. Turancin ma na sauƙaƙa shi iya yi, masu karantawa da yawa irinmu ne, a makaranta suka koye shi.

Bayan azahar na kunna tox -e docs, umarnin da ke gina shafukan takardun. Shi fa wannan ba ya yafiya, ƙaramin gargaɗi ma ya isa ya kayar da ginin, tazara ɗaya ta kauce a ƙarƙashin code-block, inda ake sa misalin kod, sai ka ga ya yi ja. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, na koma kan batir ina kallon kashi nawa ya rage.

Da shafin ya ginu na miƙa wa yaron na ce karanta, ba zan ce uffan ba. Wannan shirun ya fi komai wuya yau, bakina har ƙaiƙayi yake. Ya kwafi misalin, ya gudu lafiya, sai ya ɗago, "To Oga, monkeypatch ma haka yake yi min." Ƙwarai kuwa, monkeypatch, fixture mai sauya abu na ɗan lokaci yayin gwaji, shi ma na gwaji ɗaya ne, sai dai a bi ta pytest.MonkeyPatch.context() da ya zo a pytest 6.2. Ni na daɗe da daina ganin wannan a matsayin tambaya, shi kuwa nan take ya gano ta.

Da yamma na ƙara ɗan fayil mai ƙarewa da .doc.rst a foldar changelog, wato jerin sauye-sauye, wanda manhajar towncrier ke tattarawa in za a saki sabon fitowa, na tura gyaran. Read the Docs, dandalin da ke ɗauke da takardun a intanet, ya gina samfurin shafin, na duba a waya, mahaɗan duk suna aiki. Masu duba gyara 'yan sa-kai ne, aikin pytest da Holger Krekel ya faro a cikin wani aikin Python mai suna PyPy har yau a haka yake tafiya, don haka ba zan matsa wa kowa ba. Maganar monkeypatch ban cusa ta ciki ba, gyara ɗaya batu ɗaya, na ce wa yaron wannan nasa ne, ya rubuto in duba masa ranar Alhamis.