Abin da na koya wajen rubuta tarihin Salaga

Duk wanda aka ba aikin rubuta tarihin ƙaramin gari zai tarar rabin labarin ya riga ya bar garin. Haka na sami Salaga lokacin da nake haɗa kundin kammala karatuna a Jami'ar Ghana da ke Legon. Garin yana can ƙasar Gwanja, a arewacin Ghana, amma waɗanda suka fi ba ni labarinsa a unguwannin Nima da Sabon Zango na Accra suke zaune, wasunsu ma ba su taɓa taka shi ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Goro ne ya raya Salaga. Daga dazuzzukan Asante yake fitowa, fataken Kano da Katsina da Sakkwato su zo da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi, su koma da shi. Da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, babban birnin Asante, a 1874, Salaga ta zame daga hannun Asante, Asantawa kuma suka toshe mata hanyar goro. Yaƙin basasa na 1892 kan sarautar Kpembe, garin sarakunan Gwanja da ke dab da Salaga, ya ƙarasa abin da ya rage. Mutane suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo, wasu har bakin teku. Har gobe akwai kasuwa a tsohon garin Accra da ake kira Kasuwar Salaga.

Cikin waɗanda suka tashi akwai Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da Alhaji Umaru Karaki. A Kano aka haife shi wajajen 1858, ya zauna Salaga, ya ƙare a matsayin limamin Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da ajami kan zuwan Turawa, ya kuma rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich labarun ƙasar Hausa. Da wuya ka zauna da dattijon malami a zango bai jawo silsilar karatunsa ta bi ta kansa ba. Ko duka gaskiya ne? Ban ɗauki wannan aikina ba.

A kansa na gane cewa takarda da bakin tsoho kowanne da abin da yake riƙe. Rubuce-rubucen da aka tara a Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon tun shekarun 1960 za su ba ka shekara. Tsoho kuwa sai ya ce "zamanin Jamus", ya wuce, amma shi zai gaya maka wa ya auri 'yar wa, wa ya yi karatu a zauren wa. Wani malami a Nima, bayan na miƙa goron gaisuwa, ya sa aka ɗauko gafaka. Na kai hannu, ya ce, "Ɗana, da alwala?" Warƙoƙin a warwatse suke, babu lambar shafi. Shi ya nuna mini 'yar kalmar da ke rataye a ƙasan kowace warƙa, wadda da ita ta gaba ke farawa. Da ita muka jera su har la'asar. Babu wanda ya koya mini wannan a aji.

Inda aikin ya yi nauyi shi ne maganar bayi. Salaga babbar kasuwar bayi ce, kuma rijiyoyinta da wurin da ake kira Wankan Bayi suna nan ana nuna wa baƙi. Amma a zaure, da na taɓo zancen sai hira ta mutu. Wata Hajiya ta ce mini, "Bar wannan, yaro, yanzu duk an zama ɗaya." Tana da hujja, don jikokin mai saye da na wanda aka saya sun yi auratayya, sahu ɗaya suke salla. Ni dai ban yarda a rubuta Salaga da goro da malamai kaɗai ba. Na ware wa cinikin bayi babi guda, na faɗi yadda aka yi shi da hanyoyin da aka bi da mutanen, na cire sunayen gidaje. Malamin da ke duba aikina ya so a bar sunayen saboda masu bincike na gaba. Muka yi ta ja, daga ƙarshe ya sa hannu a haka.