Ɗanyen katako ya sa na yi silin sau biyu

Har yau in na hau ɗakin nan na ɗaga kai, sai raina ya sosu.

Gidanmu a Gesse yake, cikin Birnin Kebbi, rufinsa irin mai tsinin nan ne, tsakanin silin da kwano babban mutum zai miƙe tsaye. Da yara suka girma na ce a fitar wa babbansu ɗaki a wurin. Ƙasan bai ba mu wahala ba. Siririn katakon tu-bai-tu (inci biyu da inci biyu) da ke riƙe da tsohon silin ba zai ɗauki mutum ba, balle gado, don haka muka jera tu-bai-siks (inci biyu da inci shida) a kan bangon bulo, tazarar santimita 40, muka shafe shi da Solignum saboda gara, muka buga filawud mai kaurin milimita 18.

A saman na yi kuskure. Watan Agusta ne, tsakiyar damina, na samu katako da sauƙi na kwaso. Kafinta ya ɗaga guda ɗaya, ya ji nauyinsa, ya ce, "Alhaji, wannan ɗanye ne. A jingine shi a inuwa ya sha iska tukuna." Na ce masa ya buga kawai, ina son a gama kafin yaron ya dawo hutu. Bai sake magana ba, ya buga. Aka yi POP, wato farin filastan silin, aka yi fenti, fes.

Da hunturu ya shigo a Disamba sai katakon ya fara bushewa a inda yake. Katako kuwa in zai bushe tsukewa yake yi, ya murɗe. Da dare muna jin ƙas-ƙas a sama. Kafin ƙarshen Janairu silin ya tsage gida uku, gefen taga ya yi ciki, ƙusoshi sun leƙo. Sai da muka sauke shi kaf, kuɗin POP da na aiki duk suka bi ruwa. Rangwamen da na samu bai kai kuɗin fentin kaɗai ba, kuma mutumin nan ya faɗa mini da bakinsa!

A karo na biyu mun bar tazara tsakanin kwano da silin, muka huda kafar iska a bango biyu masu fuskantar juna, don zafin Afrilu a nan yana wuce digiri 40. Katakon kuwa wata biyu ya yi a jere a rumfa, da tsinke tsakanin kowane layi, sai da kafinta ya ɗaga ya ce ya yi, sannan na bari aka taɓa shi.