Gudu da birki a kan keken da ake tuƙawa kamar kwale-kwale

Akwai wani nau'in keke da ba a murza masa feda, sai dai mahayinsa ya tokare da ƙafafuwa biyu a lokaci guda, sannan ya jawo kan keken zuwa ƙirjinsa, kamar yadda masu tseren kwale-kwale na Turai suke yi. Derk Thijs, mutumin ƙasar Holan, ya fara ƙera irinsa a shekarar 1986, kuma Scott Olson, wanda ya kafa kamfanin Rollerblade a Amurka, ya fito da nasa mai suna Rowbike. A keken Thijs kujera ba ta motsi, matakin ƙafa ne yake zamewa gaba da baya, igiya kuma ita ke juya tayar baya a maimakon sarƙa. A na Olson kuwa kujerar ce take zamewa.

Masu yabon wannan keke sun fi ba da ƙarfi a kan gudunsa, tun da yake cinya da baya da damtse duk suna aiki tare. Ni abin da ya fi damuna shi ne tsayawa. Gudun ba ya zuwa bai ɗaya: yakan ƙaru yayin ja, ya ɗan ragu yayin da jiki yake komawa gaba, kuma hannuwan da suke ja su ne suke riƙe da akalar keken, su ne kuma za su damƙe birki. Idan yaro ya ɓullo kan titi a daidai lokacin da mahayi ya miƙe ƙafafuwa ya kwanta baya, dole yatsunsa su sassauta riƙo su nemi hannun birki alhali kan keken yana cikin tafiya, ƙafafuwansa kuma suna maƙale a mataki, ba ya iya sauke su nan take.

Lissafin ba shi da wuya. Mai tafiyar kilomita 36 a awa yana cin mita 10 a kowace daƙiƙa, saboda haka jinkirin daƙiƙa ɗaya kafin ya kama birki ya riga ya cinye mita 10. Idan birkin yana rage masa gudu da mita 5 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, wanda kamu ne mai ƙarfi a busasshiyar kwalta, sai ya ƙara wasu mita 10 kafin ya tsaya cak. A kilomita 18 a awa kuwa, duka-duka mita 7.5 ne, domin tazarar da birki yake buƙata tana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu.

Ƙirar keken tana da fa'ida guda da bai kamata a manta da ita ba. Mahayi yana zaune ƙasa-ƙasa kuma nesa da tayar gaba, don haka yana iya matse birkin gaba sosai ba tare da ya wuntsila ta saman kan keken ba, wanda shi ne haɗarin da ke taƙaita birki a keken da muka saba hawa. Amma nauyi yana komawa gaba duk da haka, tayar baya ta yi sakayau, kuma idan aka matsa mata sai ta ja ƙasa. A doguwar gangara ma, takalmin birki da ke goga ƙaramar taya yana saurin zafafa ta, shi ya sa na fi amincewa da birkin faifai, wanda yake kama wani faifan ƙarfe da ke tsakiyar taya, kuma nake ganin ya kamata sabon mahayi ya koyi tsayawa a kowane matsayi na ja, a fili marar motoci, kafin ya hau titi.