Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Jinin da Aka Ce Na Tsinka

A makon jiya na tsaya a kan ramar Yaya, amma wajibi ne in koma baya kafin in ci gaba, domin ƙafa ce ta riga ramar zuwa. A kan wannan ƙafar ne Kawu ya ɗora mini maganar da har yau ba ta bar kunnena ba, cewa ni na yarda aka tsinka wa 'yar'uwata jini, shi ya sa ba ta yi ƙarko ba.

Watanni kafin a ambaci ciwon daji a gidanmu, ƙafar Yaya ta hagu ta kumbura tun daga gwiwa har idon sawu, sha-raɓarta ta yi tauri, ta ɗauki zafi, fatar tana sheƙi, alhali ta dama lafiyarta ƙalau. Kowa ya ce gajiya ce. Da aka yi mata sikanin sai aka ga gudan jini ya toshe babbar jijiyar da ke can cikin ƙafar, wadda ke mayar da jini zuwa zuciya. Aka ba ta magani, kumburin ya saɓe. Ba a jima ba wata jijiya ta taso mata a damtse kamar igiya a ƙarƙashin fata, ja, mai ciwo idan an taɓa. Tana lafawa sai wata ta taso a ɗaya hannun. Likitan da ya duba ta bai daɗe a kan hannun ba, sai ya shiga tambayarta ko tana saurin ƙoshi, ko tufafinta sun yi mata yawa. Na ce, "Likita, hannu fa muka kawo." Ya ce, "Na sani, Hajiya, amma jinin da ke daskarewa nan da can ba gaira ba dalili, sau da yawa akwai abin da ke zuga shi daga ciki." Bayan an zura mata bututu mai kyamara ta maƙogwaro, aka samu ciwon a tumbinta.

Daga baya, cikin shekarun da na yi ina neman amsar da zan ba Kawu, na karanta cewa tun 1865 wani likitan Faransa, Armand Trousseau, ya bayyana wannan daskarewar jini mai yawo a matsayin alamar ciwon daji da ke ɓoye. Ba a daɗe ba ya ga alamar a jikinsa, ya gane abin da take nufi, kuma ciwon dajin tumbi ne ya yi ajalinsa a 1867. Wato abin da ya faru da Yaya an san shi fiye da shekara ɗari kafin a haife ta, tun babu ko ɗaya daga magungunan da Kawu ke zargi.

Likitan Jamus Rudolf Virchow ne ake danganta wa dalilai uku da ke sa jini ya daskare a cikin jijiya, kuma duka ukun sun haɗu a jikin Yaya. Jininta ya rage gudu saboda kwanciya ta yi yawa. Bangon jijiyoyinta ya ji jiki da ruwan maganin ciwon dajin da kuma siririn bututun da aka dasa mata a babbar jijiya don ƙarin maganin. Na ukun shi ne ya fi ba ni mamaki: ƙwayoyin ciwon da kansu suna zuba wa jini wani sinadari wanda bisa ƙa'ida sai an ji rauni yake haɗuwa da jini don ya tsayar da zuba, sai jinin ya riƙa haɗa gudaji a inda babu rauni. Saboda haka mai ciwon daji ya fi wanda ba shi da shi haɗarin wannan daskarewa ninki 4 zuwa 7, kuma kusan mutum 1 cikin 5 na masu samun gudan jini a jijiya suna ɗauke da ciwon daji. Na tumbi yana sahun gaba, tare da na fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, da na ƙwaƙwalwa da na huhu.

Da aka fara ruwan maganin sai aka mayar da ita kan allurar hefarin, mai hana jini daskarewa, wadda ake yi a fatar ciki kullum. Ni na koyi yin ta, ni nake tsunkule fatar in soka, kuma ina ganin tabo shuɗi-shuɗi suna jeruwa a gefen cibiyarta. Takan ce, "Auta, nemi wurin da ba ki taɓa ba." Likitan ya ce ya fifita allurar a kan ƙwayar warfarin, wadda ita ma aikinta ke nan, domin mai amai ba ya riƙe ƙwaya, kuma idan aka dakatar da allurar ƙarfinta yana barin jiki cikin sa'o'i, warfarin kuwa sai ya ɗauki kwanaki. Tun 2003 wani babban gwaji ya nuna cewa a masu ciwon daji allurar tana rage dawowar gudan jini da kusan rabi idan aka kwatanta da warfarin. Sababbin ƙwayoyi sun fito daga baya, amma har yau likitoci suna taka-tsantsan da su ga mai ciwo a tumbi ko hanji, saboda zubar jini.

Jinin kuwa ya zuba. Wata safiya bayan gidanta ya fito baƙi ƙirin, jiri ya kwashe ta, sai da aka yi mata ƙarin jini. A bakin ɗakin jinya ne Kawu ya dube ni gaban kowa ya ce, "'Yar nan, kun tsinka mata jini." Ban amsa ba, domin ba a haka aka rene mu ba. Amma ga amsar yanzu, ko da ta makara. Ƙarin ciwon daji ba ya iya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya samu jijiyoyin da za su ciyar da shi, don haka yakan fitar da sinadaran da ke janyo sababbin jijiyoyi su tsiro zuwa gare shi. Likitan Amurka Judah Folkman ya kafa wannan bayani a 1971. Jijiyoyin da ke tsirowa ta wannan hanya karkatattu ne, bangonsu ba shi da ƙwari, suna yoyo, kuma abu kaɗan ke fasa su. Ciwo ɗaya ne yake daskarar da jini a ƙafa yake kuma zubar da shi a tumbi. Ba na musun cewa allurar ta ƙara wa zubar ƙarfi, likitan ma bai musa ba, shi ya sa ya dakatar da ita na 'yan kwanaki, ya jira jinin ya tsaya, sannan ya mayar da ita da awo. Abin da nake musu shi ne a ce barin ta gaba ɗaya ya fi aminci.

An gwada barin nata kuwa, ba da sanina ba. Bayan an sallame ta, lokacin da na koma wajen yarana, Kawu ya matsa wa mijin Yaya har ya daina yi mata. Ba a rufa mako biyu ba aka kira ni da dare: tana zaune ta kasa kwanciya, numfashi sama-sama, tana dafe da haƙarƙari, tana cewa wani abu yana sukarta duk lokacin da ta ja iska. Hoton ƙirji ya nuna gudan jini ya ɓalle daga ƙafa, ya bi ta zuciya, ya maƙale a jijiyar huhu. Wannan shi ne abin da allurar take tsarewa tun farko, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu ciwon daji bayan ciwon kansa. Allah ya yi da sauran kwananta. Aka sa mata iskar oksijin, aka koma kan hefarin, ta ƙara watanni a duniya, har ta ga haihuwar jikanta na fari, kafin ciwon ya kama hanta.

Shekaru bayan rasuwarta bugun zuciyar Kawu ya rikice, likitoci suka ɗora shi a kan warfarin don kada gudan jini ya haura masa ƙwaƙwalwa. Ni nake raka shi awon jini a wasu lokuta. Ya sha ƙwayar har ƙarshen rayuwarsa, bai taɓa cewa an tsinka masa jini ba, bai kuma janye abin da ya faɗa mini ba. 'Ya'yansa ma suna maimaita maganar har yanzu, yadda suka ji ta.

Mijin Yaya ya san inda kwalin allurar ya kwana a waɗancan kwanakin, ya san wanda ya sa shi ajiye shi, amma ko sau ɗaya bai buɗe baki ya wanke ni a gaban dangi ba. Zancensa, da na yaran da ya kawo mini riƙo bayan ya sake aure, shi zan ɗauko a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.