Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da gudumar iska ta ƙi motsi

A makon jiya na tsaya ne a inda Baba ya damƙa ni hannun Ogana mai gyaran bodin mota a Farin Gada, Jos. Shekara guda na yi ina goge fenti da miƙa sifana kafin ya bar ni na taɓa gudumar iska, wadda yaran gareji ke kira bindiga saboda siffarta da kuma kunamarta. Da ita muke yanke ribit, wato ƙusar da ke haɗa ƙarfe da ƙarfe, mu tsarga ruɓaɓɓen falanki, mu fasa notin da tsatsa ta kama.

Wata safiya cikin hunturu, irin sanyin Jos da yatsa ba ya lanƙwasuwa, aka kawo wata tsohuwar a-kori-kura za a cire mata ƙasan baya. Na tayar da kwamfireso, injin da ke matse iska, allurar gejin ƙarfin iska ta hau 90, daidai abin da gudumar ke so. Na danna kunama. Sai "fuuu", iska na fita, bugu ko ɗaya babu. Gabana ya faɗi, don kuɗinta ya fi abin da nake samu a wata uku.

Oga ya zo ya karɓa, ya girgiza ta kusa da kunnensa.

"Yaro, yaushe rabonka da ɗiga mata mai?"

Na sunkuyar da kai.

"Tankin kwamfireso fa, ka zubar da ruwansa jiya?"

"A'a, Oga."

Bai zage ni ba. Ya shimfiɗa tsumma a kan benci, ya kwance ta a gabana. Na ɗauka zan ga inji da haƙoran giya. Wallahi abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: silinda, fistin ɗin ƙarfe kamar babban yatsana, sai wani bawul ɗan fale-fale kamar kwabo. Tsatsa ja ta manne bawul ɗin a gefe guda.

Yana wankewa da kananzir yana nuna mini. In ka danna kunama, bawul ya kan tura iska bayan fistin, ya harba gaba ya daki gindin cizal, ƙarfen yanka da ke bakin gudumar. A hanyarsa ya kan wuce wasu ƙananan ramuka a jikin silinda, iskar da ta turo shi ta fice ta nan, ƙarfin baya ya faɗi. Ita kuma iskar da ya matse a gabansa ta bi wata siririyar hanya ta ture bawul ɗin ɗaya gefen. Yanzu iskar kwamfireso ta gaba take shiga, ta mayar da fistin baya, bawul ya sake juyawa. Haka suke ta yi, sau 2,000 zuwa 3,000 a minti guda. Har yau abin na ba ni mamaki, wai ɗan faifan nan ne ke raba wa iska hanya, ba tare da wuta ko waya ba.

Ruwan kuwa daga iskar yake. In aka matse iska, danshinta ya kan taru a gindin tanki, ya biyo tiyo ya shiga guduma. Shi ya sa kowane yamma ake buɗe famfon ƙasa a zubar, kowace safiya kuma a ɗiga mai kaɗan ta bakin da tiyo ke shiga.

Da ya haɗa ta, ya miƙo mini. Na jingina cizal a kan ribit na danne da dukkan ƙarfina.

"Sassauta, ɗana. Riƙe ta kawai, fistin ne mai bugu. In ka ƙanƙame ta, hannunka ne zai sha jijjigar."

Na sassauta, kan ribit ɗin ya yi tsalle ya faɗa cikin kwano. Ranar sai da na cire arba'in kafin azahar, yatsuna na zugi, kunnuwana na ƙara har na kwanta. Washegari Oga ya sayo mini safar hannu da abin toshe kunne a Dilimi, ya ce zai cire a kuɗin sati. Bai taɓa cirewa ba, Allah ya jiƙansa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗa muku yadda na bar gareji na koma fasa dutse a Bukuru.