Kafin ka sayi ƙafafun tsere na farko

Ƙanena, idan ka shiga gasar tirayatlon, wato iyo da tseren keke da gudu a jere, ba za ka daɗe ba idonka zai fara tsayawa a kan ƙafafun keken nan masu zurfin rim da manya ke hawa, waɗanda aka yi da kabon, wani abu marar nauyi mai ƙarfi. Abin da zan gaya maka a nan da kuɗi muka saye shi, kai kuwa ga shi kyauta.

Fara da keken da ke ɗakinka tukuna. Ƙafar da ba ta shiga kekenka ba ta da amfani ko nawa ka saye ta. Duba birkinka: na rim ne, mai matse bakin ƙafa, ko na faifai? Ba a musanya su. Sai ƙarfen da ke riƙe ƙafar. Keke mai birkin rim yawanci siririn ƙarfe mai hannun ɗaurewa yake amfani da shi, faɗin gaba milimita 100, na baya 130. Mai birkin faifai na zamani kuwa kaurin ƙarfensa milimita 12 ne, gaba 100, baya 142. Shi ma faifan iri biyu ne, mai kusa shida da mai zobe ɗaya da ake kira Centerlock. Sannan mazaunin giya a ƙafar baya: na Shimano HG daban, na SRAM XDR daban, na Campagnolo daban. Idan giyarka goma ce kuma mazaunin na sha ɗaya ne, sai ka sa washa mai kaurin milimita 1.85 a bayan giyoyin, in ba haka ba za su riƙa rawa, sarƙa tana tsalle. Rubuta duk wannan a takarda kafin ka tambayi farashi.

Zurfin rim shi ne inda aka fi yin asara. Rim mai zurfi yana yanka iska, wannan gaskiya ne, amma iskar da ke bugowa daga gefe tana samun abin turawa. Ƙafar baya a kafe take cikin firam, ga nauyinka a kanta, don haka ba ta damuwa sosai. Ta gaba kuwa ita ke juya kan keke. Ka kwatanta kanka kwance a kan sandunan gwiwar hannu, wato waɗanda ake ɗaurawa a kan keke don mahayi ya sunkuya ya rage tare iska, yatsunka nesa da birki, kana gudun kilomita 40 a awa, sai babbar mota ta wuce ko ka fito daga bayan dogon gini iska ta bugi rim ɗinka mai zurfin milimita 80. Kan keken zai fizge. Wanda bai saba ba zai miƙe zaune ya kama birki, kuma da zarar ka miƙe ka zubar da fiye da abin da ƙafar ta samo maka, domin jikin mahayi shi ne ke tare mafi yawan iska, ba keken ba. A tseren kilomita 90 ko 180, wanda ya iya zama a kwance tun daga farko har ƙarshe da rim 50 zai riga mai rim 80 da ke tashi yana zama.

Saboda haka a saye na farko ka tsaya tsakanin milimita 45 zuwa 60 a gaba. Idan ba ka da nauyi, ka karkata wajen 45. A baya kana iya ƙarawa zuwa 60 ko 80. Rufaffiyar ƙafar baya, wadda ba a ganin sifok ɗinta, tana da sauri, sai dai ba ko'ina ake yarda da ita ba: an hana ta a gasar duniya ta Ironman a Kona, tsibirin Hawai, saboda iskar wurin, haka ma a gasar da ake barin mahaya su bi bayan juna kurkusa. Karanta dokar gasarka. In kana sha'awarta, akwai murfin roba da ake ɗaura wa ƙafa ta yau da kullum, kuɗinsa bai kai ko kusa ba.

Kada nauyi ya ɗauke maka hankali. Giram 200 ba abin da za su canza a shimfiɗaɗɗiyar hanya.

Faɗi kuwa abin lura ne. Masu ƙera ƙafafu suna da ƙa'idar cewa faɗin rim daga waje ya ɗan ɗara faɗin taya bayan an hura ta, kamar kashi 105 cikin ɗari, don iska ta bi jikinsu ba tare da ta watse ba. Taya mai faɗin milimita 28 a kan tsohon siririn rim ta ɓata lissafin. Sabon rim mai faɗi kuma yana iya gogar tsohon firam da aka yi don taya 23 ko 25. Auna da kanka, ka bar aƙalla milimita 3 zuwa 4 a kowane gefe, domin ƙafa tana ɗan lanƙwasa idan ka miƙe kana taka feda da ƙarfi.

Za ka ga ƙafafu na hannu masu arha ƙwarai, ka yi murna. Tambayi irin tayar da suke ɗauka. Da yawansu na tayar da ake mannawa da gam ne, shi ya sa ake rabuwa da su. Mannawar kan ci kwanaki, kuma idan ta yi faci a tsakiyar gasa sai ka ɓamɓare taya gaba ɗaya ka sa wata. Ɗan koyo ya nemi mai ɗaukar tib, ko wadda ke iya zama da tib ko babu. Idan rim ɗin marar ƙugiya ne a ciki, wanda ake rubuta wa hookless, kada iska ta wuce bar 5 a ma'aunin famfo, wato kusan psi 72, kuma sai tayar da kamfanin ya amince da ita, in ba haka ba tana iya fita daga rim. Mai tafiya ba tib ya tuna ruwan toshe huda, mililita 30 zuwa 60 a kowace taya, yana bushewa cikin 'yan watanni, a ƙasar zafi irin tamu ma ya fi saurin bushewa. A ƙafafun na hannu kuwa, haska tocila ka duba tsagewa a bakin ramukan sifok, ka shafa inda birki ke kamawa ko ya kumbura ko ya lotsa, ka juya ƙafar a hannu ka ji ko boris na ƙara.

Ƙananan abubuwa ne ke zaunar da mutum a bakin hanya. Rim 60 yana buƙatar bawul mai tsawon milimita 80. Mutum zai sa daidai a ƙafafunsa, ya manta tib ɗin ajiya da ke ƙarƙashin sirdi mai bawul 48 ne, sai ya yi faci ya ga ko kan bawul bai leƙo ba. Mai birkin rim ya canza robar birki zuwa ta kabon, kuma kada ya yi amfani da wadda ta taɓa goga alminiyam, domin ɓurɓushin ƙarfen da ya nutse cikinta zai kankare kabon ɗin. Ka kuma sani birkin kabon yana jinkirin kamawa a ruwan sama, sai ka fara matsawa da wuri. Duk lokacin da ka sauya ƙafa, gwada giya daga farko har ƙarshe, domin milimita ɗaya na bambanci ya isa ya jefa sarƙa cikin sifok.

Ware wani abu daga kuɗin don taya. Taya mai kyau irin Continental GP5000 da tib na latas, wato robar latex mai laushi, suna rage jan hanya sosai, a kan ɗan kuɗi kaɗan idan aka gwada da farashin kabon. Sai dai tib na latas yana sace iska cikin dare, kuma a manyan gasa tun jajibiri ake ajiye keke, don haka ka je da famfo da asuba.

Ka hau sababbin ƙafafun sau da yawa kafin gasa, musamman ranar da iska ke kaɗawa, kana kwance a kan sanduna. Sannan ka zauna a gida ka cire taya ka mayar har hannunka ya saba, domin wasu rim ɗin kabon suna riƙe taya gam, kuma hannun da ya fito daga ruwa yana rawa ba ya da ƙarfin da kake zato.